Maganin Taɓin Hankali Ga Masu Ciwon Daji: A Karɓe Shi, Amma A Hannun Likita

Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya a ɗakin masu ciwon daji na wani babban asibiti zai tuna da kwanukan abincin da ke jere a ƙarƙashin gado. An kawo kunun gyaɗa da safe, an kawo farfesun kaza da rana, wata 'yar'uwa ta dama fura ta aiko tun daga ƙauye, amma da magariba sai a tarar da su yadda aka kawo su, in ban da cokali ɗaya ko biyu da aka taɓa don kunya. Mai jinya ta fara da lallashi, lallashi ya koma roƙo, roƙo ya koma faɗa, daga nan sai majiyyaci ya juya fuskarsa ga bango ya yi shiru. 'Yan dubiya kuwa su fita suna cewa ya saki jiki ne, ko kuma taurin kai ne irin nasa na tun da can, domin a ganinsu ai sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Wannan hukunci da ake yanke wa maras lafiya zalunci ne, ko da yake ƙauna ce ta kawo shi. Rashin cin abincin mai ciwon daji wani ɓangare ne na cutar kanta, kamar yadda zazzaɓi yake ɓangare na cutar cizon sauro. Likitoci suna kiran ramar da ke biyo baya da wata tsohuwar kalmar Girkanci, watau kakeksiya, ma'anarta mugun hali na jiki. A shekarar 2011 wani taron masana na ƙasa da ƙasa ya tsai da ma'auninta: mutumin da ya rasa fiye da kashi 5 cikin ɗari na nauyinsa a cikin wata shida, ba tare da ya yi niyya ba, ya shiga wannan hali. Ga mai nauyin kilo 60, kilo 3 ke nan kawai. Kimanin rabin waɗanda dajinsu ya yi nisa suna fama da ita, kuma ta fi tsanani ga masu dajin tumbi da na huhu da na gaɓoɓin da ke kusa da hanta.

Bambancinta da yunwa shi ne abin da ya kamata kowa ya fahimta. Mai jin yunwa, jikinsa yakan yi tattali, ya fara ƙona kitse ya bar tsoka, kuma ranar da ya samu abinci sai ya murmure. Mai ramar daji kuwa jikinsa yana ƙona tsoka da kitse gaba ɗaya, a lokacin da ƙwaƙwalwarsa ke gaya masa cewa ya ƙoshi. Ƙari da sojojin jikin da ke yaƙarsa suna zuba waɗansu sinadarai a cikin jini, su ne ke kashe marmarin abinci, su kuma narkar da tsoka. Abin sha'awa, ɗaya daga cikin waɗannan sinadarai an bi sawunsa ne daga ramar shanu masu sammore a Afirka ta Gabas. Wani masani Ba'amurke mai suna Anthony Cerami ya yi mamakin yadda ƙwayar cuta 'yar kaɗan take ƙarar da babban sa, ya bi diddigi, har a 1985 shi da Bruce Beutler suka tabbatar da sinadarin da ke wannan aiki. Kowane makiyayi ya san saniya mai sammore tana iya tsayawa cikin ɗanyar ciyawa tana ƙarewa. Haka mai ramar daji yake a gaban kwano.

Shekara da shekaru likitoci ba su da abin kirki da za su bayar. Akwai wani magani mai suna megestirol, wanda yakan buɗe ciki ya ƙara ɗan nauyi, amma yawancin nauyin kitse ne da ruwa, sa'an nan yana iya daskarar da jini a cikin jijiya, abin da mai ciwon daji dama yake cikin haɗarinsa. Akwai deksametason, mai sa mutum ya ji daɗin jikinsa ya ci abinci na 'yan makonni, daga nan ƙarfinsa ya dushe, ya bar hauhawar sukari da raunin tsoka da sauƙin kamuwa da cututtuka. An gwada sifiroheftadin, sinadarin nan da ke cikin yawancin magungunan sa cin abinci na kasuwa, wani gwaji da aka buga a Amurka a 1990 ya nuna bai hana masu daji ci gaba da ramewa ba. An gwada abin da aka tato daga tabar wiwi, bai fi ƙwayar banza ba a babban gwajin da aka yi a Turai. An gwada wani maganin baƙin ciki a birnin Alƙahira, shi ma haka. Shi ya sa a 2020, da ƙungiyar likitocin daji ta Amurka ta fitar da jagora a kan wannan matsala, ta ce babu wani magani da shaidarsa ta isa a ce a riƙa ba kowa.

Bayan shekara uku ƙungiyar ta sake magana, ta canja matsayi, kuma abin da ya sa ta canja ya fito ne daga wani wuri da ba a zata ba.

Olanzafin magani ne na taɓin hankali. Kamfanin Eli Lilly na Amurka ne ya ƙirƙiro shi, aka ba shi izinin sayarwa a 1996 da sunan Zyprexa, domin masu cutar rikicewar tunani, waɗanda ke jin muryoyi ko ganin abin da babu shi, daga baya kuma aka haɗa da masu cutar da ke kai mutum ƙololuwar zumuɗi ta dawo da shi ƙasan baƙin ciki. Yana aiki, amma tun farko likitocin ƙwaƙwalwa suka lura da babban aibinsa: wanda ke shansa yakan ci abinci kamar ba gobe, ya yi ƙiba, wani ma ya kamu da ciwon sukari. Dalili shi ne maganin yana toshe waɗansu kafofi a ƙwaƙwalwa, musamman na sinadaran histamin da serotonin, waɗanda ke sanar da mutum cewa ya ƙoshi. Dubban mutane suka kai kamfanin ƙara a kan wannan, har a 2005 ya amince zai biya kusan dala miliyan 700 don a sasanta. Watau abin da ake nema ga mai ciwon daji a yau shi ne ainihin abin da aka biya diyya a kansa jiya.

Likitocin daji sun fara kusantar maganin ne ta wata ƙofa dabam, ta tashin zuciya da amai da ke biyo bayan allurar kemo. A 2016 aka buga sakamakon wani gwaji a kan mutum 380 a Amurka, wanda ya nuna cewa cikin waɗanda aka ƙara wa olanzafin a kan magungunan amai na yau da kullum, kashi 74 cikin ɗari sun wuce ranar farko ba tashin zuciya, alhali cikin waɗanda ba a ƙara wa ba kashi 45 ne kawai. Tun daga nan ya zama sanannen abu a ɗakunan kemo na ƙasashe da yawa.

Gwajin da ya shafi cin abinci kansa an yi shi ne a Indiya, a wani asibitin koyarwa na gwamnati da ake kira JIPMER a birnin Puducherry, aka buga shi a 2023. An ɗauki mutum 124 masu dajin tumbi ko na huhu ko na yankin hanta da madaciya, waɗanda cutarsu ta yi nisa kuma za su fara karɓar kemo. Aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Gida ɗaya ana ba su miligiram 2.5 na olanzafin sau ɗaya a rana har mako 12, ɗaya gidan ana ba su ƙwaya mai kama da ita wadda babu magani a ciki, kuma daga likita har majiyyaci babu wanda ya san wace ce wace. Dukansu an ba su shawara iri ɗaya a kan abinci. Da aka zo lissafi, cikin mutum 58 da aka auna a gidan farko, 35 sun ƙara fiye da kashi 5 cikin ɗari na nauyinsu, watau kashi 60 cikin ɗari. Cikin mutum 54 na gida na biyu, mutum 5 ne kawai suka yi haka, watau kashi 9. Waɗanda suka ce marmarin abincinsu ya ƙaru kashi 43 ne a gidan farko, kashi 13 a na biyu. Masu shan maganin sun kuma fi jure wa kemo, illolin da aka danganta da shi kuwa 'yan kaɗan ne. A cikin shekarar 2023 ɗin ƙungiyar likitocin Amurka ta gyara jagorarta, ta ce a riƙa ba manya masu dajin da ya yi nisa ƙaramin kaso na olanzafin don cin abinci da nauyi, wanda bai iya jure masa ba a gwada masa tsofaffin magungunan na ɗan lokaci.

A lura da yawan maganin. Mai taɓin hankali yakan sha miligiram 10 zuwa 20 a rana, wani lokaci shekaru masu yawa. A nan kuwa rubu'in mafi ƙanƙantar wannan adadi ake magana, na tsawon wata uku.

Ya kamata asibitocin ƙasar nan su karɓi wannan sakamako da muhimmanci, kuma dalili na farko shi ne kuɗi. Haƙƙin mallakar da kamfanin farko yake da shi a kan olanzafin ya ƙare a Amurka tun 2011, yanzu kamfanoni da yawa ne ke yin sa, musamman a Indiya, kuma yana cikin magunguna masu araha. Sauran abubuwan da ake nema wa wannan cuta ba haka suke ba. Akwai anamorelin, wanda Japan ta amince da shi a 2021 bayan hukumar magunguna ta Turai ta ƙi shi a 2017. Akwai wata sabuwar allura ta kamfanin Pfizer wadda gwajinta na 2024 ya nuna tana ƙara nauyi ta hanyar toshe ɗaya daga cikin sinadaran da ke kashe marmari. Irin waɗannan sababbin magunguna, in sun shigo kasuwa, da tsada suke shigowa, kuma ba a yi su da lissafin albashin malamin makaranta ko ɗan fansho ba. A Nijeriya fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin neman lafiya daga aljihun jama'a yake fita. Ƙiyasin hukumar binciken daji ta duniya na 2022 ya nuna sababbin masu kamuwa da cutar a ƙasar nan sun kai kimanin dubu 127 a shekara, masu mutuwa kuma kusan dubu 80, kuma likitoci sun daɗe suna kukan cewa yawancin marasa lafiya ba sa zuwa asibiti sai cuta ta ci jiki. Ga irin waɗannan, maganin da zai sa mutum ya ci tuwo da iyalinsa, ya kuma sami ƙarfin karɓar allurarsa a kan lokaci, ba ƙaramin abu ba ne. Da yawa ana ɗage musu kemo ne saboda jiki ya yi rauni, kowane ɗagewa kuwa dama ce ga cuta.

Babban cikas ɗin ba zai zo daga ɗakin bincike ba. Daga sunan maganin zai zo. A yi tunanin magidancin da aka rubuta wa mahaifiyarsa takarda, ya kai kemis, mai kemis ya duba ya tambaye shi ko Hajiya ta fara surutai ne. Ko kuma ɗansa ɗalibi ya buɗe 'yar takardar da ke cikin kwali ya karanta wa gida abin da aka yi maganin dominsa. A gidajen da ake ɓoye mai taɓin hankali kamar abin kunya, ake fasa aure saboda an ji wani kaka ya taɓa kwanciya a Dawanau ko Barnawa ko Kware, ba sai an faɗi abin da zai biyo baya ba. Za a jefar da maganin, kuma za a daina yarda da likitan. Wani ma zai ce asibiti sun gaji da ita ne, suna so su kwantar da ita har ta cika.

Akwai masu ganin mafita ita ce likita ya yi shiru, ya ce maganin cin abinci ne kawai. Wannan dabara ce mai gajeren zango. Gaskiya za ta fito a bakin kemis ko a wayar hannu, kuma ranar da ta fito za ta tafi da amanar da ake buƙata don sauran jinyar. Abin da ya dace shi ne likita ya faɗa da bakinsa tun kafin ya miƙa takarda: wannan magani an san shi ne a wajen masu taɓin hankali, su suna shan mai yawa, ke kuwa ɗan kaɗan za ki sha, kuma ba don ana zargin hankalinki ba, sai don an gano yana buɗe ciki yana kwantar da tashin zuciya. Maganar minti biyu ce. Magani ba shi da ƙabila. Largactil, wanda aka haɗa a Faransa a 1950, aka fara ba masu taɓin hankali a Faris a 1952, tun zamaninsa ake amfani da shi wajen tsai da amai da shaƙuwa mai naci, kuma tsofaffin ma'aikatan jinya na ƙasar nan sun san haka. Asfirin da ake sha don ciwon kai shi ne ake ba mai ciwon zuciya. A gefe guda, tsoron da sunan yake jawowa ya nuna tazarar da ta rage tsakanin doka da zuciyar jama'a: sai a Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, wadda ko sunanta cin mutunci ne, amma dokar ba ta isa tsakar gida ba tukuna.

To, amma fa yarda da magani ba ta hana a faɗi iyakarsa, kuma masu ja da baya suna da hujjojin da suka cancanci a saurara. Gwajin Puducherry a asibiti ɗaya aka yi shi, a kan mutum 124. Wannan adadi ya isa ya ja hankali, amma tarihin likitanci cike yake da ƙananan gwaje-gwaje masu kyakkyawan sakamako waɗanda suka ragu da aka maimaita su a kan dubbai. Sa'an nan sikeli nauyi kawai yake nunawa, ba ya bambanta tsoka da kitse da ruwa, alhali tsoka ce ke sa mutum ya tashi ya yi alwala da kansa. Gwajin kuma ba a tsara shi don ya nuna ko maganin yana ƙara tsawon rai ba, saboda haka duk wanda ya ce yana ƙarawa ya wuce abin da aka sani. Olanzafin ba ya taɓa ƙarin da ke cikin jiki ko kaɗan. Wannan ya kamata a nanata wa iyali, domin idan maras lafiya ya fara cin abinci kumatunsa suka ciko, abu ne mai sauƙi a ɗauka ya warke, a ɗauke shi a koma gida a bar sauran allurai.

Wata hujjar ta fi shafar ƙasar nan kai tsaye. Fiye da rabin mutanen da aka gwada a Indiya masu dajin tumbi ne, kashi ɗaya cikin uku masu na huhu. A Nijeriya kuwa waɗanda suka fi yawa su ne dajin mama da na mafitsarar maza da na bakin mahaifa, sa'an nan na hanji da na hanta. Mai dajin mama da ke shan maganin shekaru, wadda ƙiba za ta iya cutar da ita, ba ita ce mai dajin tumbi da ya rame ba. Mai dajin hanta, wanda yawanci tsohon ciwon hanta ne ya jawo masa, hantarsa ba ta da ƙarfin sarrafa magani kamar ta kowa. Ba daidai ba ne a ɗauko sakamakon wata cuta a shimfiɗa wa dukan masu daji ba tare da tunani ba.

Akwai kuma illolin maganin kansa. Yana sa barci, shi ya sa ake ba da shi da dare, kuma tsohon da ya tashi fitsari cikin maye yana iya faɗuwa ya karye. Yana iya ɗaga sukari, saboda haka mai ciwon sukari sai da awo. Yana iya busar da baki ya ƙulle ciki, ga shi kuwa masu shan morfin don raɗaɗi dama cikinsu a ƙulle yake. Idan aka haɗa shi da waɗansu magungunan amai ko na barci, illar tana ƙaruwa. Tun 2005 hukumar magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a kan wannan jinsin magunguna, cewa suna ƙara yawan mutuwa ga tsofaffi masu gigin tsufa. Kuma a 2009 an ci kamfanin Eli Lilly tarar dala biliyan 1.4 da ɗoriya saboda tallata Zyprexa don abubuwan da ba a ba shi izini ba, har da kwantar da irin waɗannan tsofaffi. Wannan labari ya isa ya sa a yi hattara duk lokacin da aka ji an samo wa wani magani sabon aiki. Bambancin dai shi ne a wannan karon likitocin asibitin gwamnati ne suka gwada maganin da ya riga ya zama na kowa, suka buga abin da suka gani don a bincika.

Haɗarin da ya fi kusa shi ne na kasuwa. Kowa ya san yadda ƙwayoyin sa ƙiba, waɗanda ake wa laƙabi da sha-ka-fashe, suke yawo a hannun 'yan mata da amare, yawancinsu deksametason ne da sifiroheftadin, ana saye ba takarda ba tambaya, ana ƙarewa da kumburin fuska da hawan jini da ciwon sukari. Kowa kuma ya tuna yadda maganin tari mai kodin ya zama annoba har Gwamnatin Tarayya ta hana shi a 2018. Ranar da labari ya bazu cewa akwai wata ƙwaya mai araha da ke sa ci da barci da ƙiba, ba masu ciwon daji ne za su fara layi ba. Wannan ba dalili ba ne na hana marasa lafiya abin da zai amfane su, domin an riga an ga irin wannan kuskure a kan morfin, inda tsoron 'yan ƙwaya ya bar dubban masu daji suna mutuwa cikin raɗaɗi. Dalili ne na a tsare ƙofa. Olanzafin magani ne da doka ta ce sai da takardar likita, kuma aikin hukumar NAFDAC ne da majalisar masu harhaɗa magunguna su ga cewa dokar ta wuce takarda, tun kafin 'yan talla su rigaye su.

Akwai aikin da ya rataya a wuyan Ma'aikatar Lafiya da cibiyar binciken ciwon daji ta ƙasa, wadda dokar 2017 ta kafa. Gwajin Puducherry bai bukaci wata na'ura mai tsada ba: sikeli ne da ƙwaya da takardar tambayoyi da ma'aikata masu gaskiya. Asibitocin koyarwa na Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri, in suka haɗa hannu, za su iya tara marasa lafiyar da suka ninka na Indiya, su gwada a kan irin dajin da ake gani a nan, su auna kaurin dantse da ƙarfin damƙar hannu tare da nauyi, don a san ko tsoka ce ke dawowa. Ɗaliban da ke neman abin rubuta kundin ƙwarewa ga shi nan a gabansu. Kafin sakamakon ya fito, a rubuta ƙa'ida a bayyane: wa za a ba, wa ba za a ba ba, nawa, na tsawon wane lokaci, kuma a dakatar in an yi 'yan makonni babu canji. Masu sayo wa asibitoci magani su ma su sani cewa idan bukatar sashen ƙwaƙwalwa kaɗai aka duba, manyan ƙwayoyi za a sayo, sai a bar mai jinya tana fasa ƙwayar miligiram 10 gida huɗu da reza a kan murfin kwano.

Kada kuma sabon magani ya sa a manta da tsohon aikin likita, watau duba maras lafiya. Sau da yawa abin da ya hana cin abinci yana da saukin gyara. Wani bakinsa ne ya yi gyambo saboda kemo, wani farin gansakuka ne ya lulluɓe masa harshe da maƙogwaro, wani ya yi kwana biyar bai yi bayan gida ba, wani raɗaɗi ne ya hana shi zama, wani kuwa baƙin cikin abin da aka ƙi gaya masa ne, alhali ya riga ya karanta shi a fuskokin 'ya'yansa. Kowane ɗaya da maganinsa, kuma olanzafin ba zai maye gurbinsu ba. Akwai ma wanda marmarinsa lafiya lau yake, gida ne babu, domin an sayar da gona da akuya an biya kuɗin allura. Buɗe wa irin wannan ciki ba tare da an tambayi abin da za a zuba a ciki ba, ƙarin azaba ne. Asusun tallafa wa masu daji da hukumar inshorar lafiya ya kamata su lissafa abinci a cikin jinya, ko da ƙwai ne da madara da garin kunu.

Iyalai ma suna da nasu gyaran. Ɗan kaɗan sau shida ya fi tulin kwano sau uku, wanda ganinsa kawai yake tayar wa maras lafiya da zuciya. A ba shi abin da ransa yake so a lokacin da yake so, a ƙara gyaɗa ko man shanu ko madara a cikin kunu don cokali ɗaya ya yi aikin biyu, a nisanta shi da ƙaurin girki. Kuma akwai lokacin da ya kamata a daina matsawa gaba ɗaya. Idan cuta ta kai ƙarshe, jiki yakan daina karɓar abinci, kuma ɗura shi da ƙarfi yana jawo amai da shaƙewa. Jagorar likitocin Amurka ta 2020 ta ce kada a mai da ciyarwa ta robar hanci ko ta jijiya abin yi ga kowa a wannan mataki, domin ba ta tsai da ramar. Mutanen da aka gwada wa olanzafin a Puducherry masu fara karɓar magani ne, suna da sauran ƙarfi da sauran watanni a gabansu. Wanda ya rage masa kwanaki, abin da yake bukata shi ne a jiƙa masa leɓe, a rage masa raɗaɗi, a zauna kusa da shi.

Wannan ne ya sa lokacin farawa yake da muhimmanci. Ramar daji ta fi jin magani a farkonta, kafin tsoka ta zube, kuma ba a gane farkonta da ido, musamman a cikin babbar riga ko zane da mayafi. Sai an auna. Kowane ɗakin ganin masu ciwon daji ya kamata ya kasance da sikeli mai aiki a bakin ƙofa, a ɗora kowane maras lafiya a kai duk ranar da ya zo, a rubuta nauyin a katinsa kusa da na zuwan da ya wuce, inda likita zai gan su tare.